Injinan kumbo iri nawa ne, kuma wanne zai iya kai mu wani tauraro?

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Malam, ina ta cin karo da sunaye, injin ayon, injin nukiliya, mayafin haske, har da wani da aka ce yana lanƙwasa sarari. Ta yaya masana suke rarraba waɗannan injinan? Kuma tsakani da Allah, akwai wanda zai iya kai kumbo wani tauraro, ko duk zancen fim ne?"

Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu ne amma tushensu ɗaya, kuma idan ka gane tushen, sunayen nan ba za su ƙara ruɗa ka ba.

Mota tana taka ƙasa ta tura kanta gaba. Jirgin ruwa yana tura ruwa, jirgin sama yana tura iska. Kumbo kuwa, da zarar ya fita sararin samaniya, ba shi da abin takawa. Ka ɗauka kana zaune a kwale-kwale a tsakiyar tafki, ba sanda ba filafili, sai tarin duwatsu a gabanka. Duk dutsen da ka jefa baya, kwale-kwalen zai ɗan matsa gaba. In ka jefa da ƙarfi ya matsa da yawa, in duwatsu suka ƙare turi ya ƙare. Wannan shi ne roka, ba ƙari ba ragi. Don haka idan aka kawo maka sunan wani inji, ka yi masa tambaya uku: me yake jefawa baya, daga ina yake samun ƙarfin jefawar, sannan yana ɗauke da kayan nan ne ko daga waje suke zuwar masa. Da amsoshin nan ake rarraba injinan duka.

Akwai kuma ma'auni biyu da ba a rabuwa da su. Na farko ƙarfin turi, wato yadda injin yake ingiza kumbo a wannan lokacin. Na biyu gudun fesi, wato saurin da abin da aka jefa yake fita da shi. Mutane sun fi kula da na farko saboda shi ne mai wuta da ƙara. Amma a doguwar tafiya na biyun ne sarki, kuma dalilin yana cikin wani lissafi da Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta a Rasha, ya wallafa a 1903. Abin da lissafin yake faɗa shi ne, man da za ka ƙona anjima kaya ne a kanka yanzu, sai ka ƙona wani man kafin ka ɗauke shi. Idan kana son kumbo ya yi gudu daidai da gudun fesinsa, nauyinsa lokacin tashi zai zama kusan ninki 2.7 na nauyinsa bayan mai ya ƙare. Idan ninki biyu na gudun fesin kake so, sai ninki 7.4. Idan uku, ninki 20. Idan goma, ya haura ninki 22,000. Ka ga buƙatar tana hayayyafa ne, kowane ƙarin gudu yana ninka abin da ya gabace shi. Ka riƙe wannan, domin shi ne alƙalin duk abin da zai biyo baya.

Rukuni na farko shi ne injin ƙona mai, wanda kowa ya sani. Ana haɗa mai da iskar oksijin su ƙone, hayaƙin ya fita da gudu. Akwai mai amfani da daskararren mai, wanda in aka kunna ba a kashe shi sai ya cinye, akwai kuma na ruwa, irin wanda Robert Goddard ya fara harbawa a Amurka a 1926. Mafi inganci a cikinsu shi ne na haidirojin da oksijin, kuma aikinsa abin kallo ne. Haidirojin ɗin ruwa ne mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri, ana bi da shi ta cikin siraran bututu da aka jera a jikin bakin injin domin ya sanyaya ƙarfen, alhali ɗan tazara kaɗan daga nan wuta ce mai zafin da ya haura digiri 3,000. Duk da wannan gwaninta, gudun fesinsa yana tsayawa wajen kilomita 4.5 a sakan ɗaya. Iyakar kenan, kuma ba ƙarancin basirar injiniyoyi ya kafa ta ba, ƙarfin da ke cikin haɗuwar sinadarai ne ya tsaya nan. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 ta tashi da nauyin kusan tan 2,900, injinanta biyar na farko suna shan kusan tan 13 na mai da oksijin kowane sakan, amma abin da ya dawo duniya da mutanen uku bai kai tan 6 ba. Amfanin wannan rukuni shi ne ƙarfin turi. Har yau babu wani inji da ke iya ɗaga kaya daga doron ƙasa zuwa falaki sai shi.

Rukuni na biyu injin lantarki ne, kuma a nan aka raba abin jefawa da abin da ke ba da ƙarfi. Ana ɗaukar wata iska mai nauyi, yawanci zinon, a cire wa ƙwayoyinta wani ɓangare na cajinsu su zama ayon, sannan lantarki ya fizge su ya watsa baya da gudun kilomita 20 zuwa 40 a sakan. In ka tsaya gaban tagar ɗakin gwaji, ba ka ganin harshen wuta, sai wani shuɗin haske mai laushi yana fita a natse. Kumbon Dawn na hukumar NASA, wanda aka harba a 2007, injinsa yana turi da ƙarfin da bai wuce nauyin fallen takarda ɗaya a tafin hannunka ba. Kwana huɗu yake ɗauka kafin ya ƙara gudun kilomita 100 a sa'a. Amma ya yi sama da shekara biyar yana wannan turin, da kilogiram 425 kacal na zinon, ya kewaya Vesta, wani katon dutsen sama da ke tsakanin Mars da Jupita, a 2011, ya bar ta ya je ya kewaya Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya a yankin, a 2015. Sannu ba ta hana zuwa. Akwai ɗan'uwansa da ake kira injin Hall, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da shi, kuma shi ne a jikin dubban taurarin ɗan'adam na Starlink. Matsalar wannan rukuni wuta ce. Faifan sola yana raunana da nisa: a wajen Jupita hasken rana kashi ɗaya ne cikin 27 na abin da muke samu, kuma a tsakanin taurari babu shi kwata-kwata.

Wannan ya kawo mu ga nukiliya, rukuni na uku, wanda shi kansa gida-gida ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi da haidirojin ta cikin tukunyar nukiliya mai zafi ya fita ta baya. Amurka ta gina irin wannan ta gwada shi a hamadar Nevada a ƙarƙashin shirye-shiryen Rover da NERVA, daga 1955 har aka rufe su a 1973, kuma ya ba da gudun fesi kusan ninki biyu na injin haidirojin da oksijin. Bai taɓa tashi sama ba. Hanya ta biyu, tukunyar ta samar da lantarki a ba injin ayon. Tana da kyau a takarda, sai dai zafin da ya rage dole a zubar da shi, kuma a inda babu iska babu ruwa sai an shimfiɗa manyan fukafukai masu fitar da zafi, su kuma nauyi ne. (Kada ka haɗa waɗannan da batirin nukiliya na kumbon Voyager. Shi wuta kawai yake ba na'urori, ba ya tura komai.) Hanya ta uku ita ce ta shirin Orion, daga 1958 zuwa 1965, wanda masanin kimiyya Freeman Dyson ya yi aiki a ciki: a riƙa jefa ƙananan bama-baman nukiliya bayan kumbo, kowace fashewa ta bugi wani katon faranti na ƙarfe ta tura shi. Yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin nukiliya a sararin samaniya ta tare masa hanya, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Rukuni na huɗu su ne waɗanda ba sa ɗaukar duwatsu a kwale-kwalensu. Wasu suna aron gudu daga duniyoyin da suke wucewa ta kusa da su, kamar yadda Voyager 2 ya yi ya ziyarci manyan duniyoyi huɗu. Wasu kuma haske ke tura su. Haske yana da turi, ko da yake ɗan mitsitsi ne: mayafi mai sheƙi da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita guda, a nisanmu da rana, turin da zai samu bai kai nauyin kilogiram ɗaya ba. Japan ta tabbatar da cewa abin yana aiki a 2010 da kumbon IKAROS, mai mayafin mita 14 kowane gefe. Muhimmancin wannan rukuni shi ne lissafin Tsiolkovsky ba shi da iko a kansa, tunda ba ya ɗauke da man da zai ƙona.

To, sai tambayarka ta biyu, kuma a nan zan so ka zauna da lambobin ka ji nauyinsu.

Tauraro mafi kusa da rana shi ne Proxima Centauri. Haske, mai gudun kilomita 300,000 a sakan, wanda ke zuwa mana daga wata cikin sakan ɗaya da ɗoriya, daga rana cikin minti takwas da 'yan kai, sai ya yi shekara 4.2 kafin ya iso daga can. Kusan kilomita tiriliyan 40 kenan. Voyager 1, da aka harba a 1977, wanda ya fi duk abin da ɗan'adam ya ƙera nisa, yana tafiyar kilomita 17 a sakan. Da can ya nufa, da sai ya yi kusan shekara 75,000. Kumbon Parker ya kai kilomita 192 a sakan a Disambar 2024, amma rana ce ta jawo shi ya yi wannan gudun lokacin da yake wucewa dab da ita, kuma ko da zai riƙe shi har abada sai ya yi sama da shekara 6,000. Idan muna son isa cikin rayuwar mutum guda, a ce shekara arba'in da wani abu, ana buƙatar kashi 10 cikin 100 na gudun haske, kilomita 30,000 a sakan.

Mu kai wannan gaban alƙali. Da injin ƙona mai, gudun da ake nema ya ninka gudun fesi sama da sau 6,600. Man da lissafin zai nema lamba ce mai sifiri kusan 2,900 a bayanta, alhali dukkan ƙwayoyin zarra da ke cikin sararin da muke iya hangowa ba su wuce lamba mai sifiri 80 ba. Da injin ayon na yau, sifirin ya sauko zuwa ɗari huɗu da wani abu, wanda duk ɗaya ne. Injin NERVA ma bai tsira ba. Don haka duk injin da muke da shi a hannu, in dai shi zai ɗauki mansa, an cire shi daga wannan gasa, kuma ba gyara ko ƙarin kuɗi da zai dawo da shi.

Abin da ya rage shi ne injin da gudun fesinsa ya kai dubban kilomita a sakan, kuma abu biyu ne aka fi sa rai za su iya ba da haka. Na farko haɗewar ƙwayoyin zarra, irin wutar da ke ci a cikin rana. Tsakanin 1973 da 1978 wasu injiniyoyi a Birtaniya suka zauna suka zana kumbo mai irin wannan inji, suka sa masa suna Daedalus. Ina ganin duk mai sha'awar wannan fanni ya kamata ya san lambobinsa, domin masu shi ba su ɓoye wahalar ba. Nauyinsa tan 54,000, daga ciki tan 50,000 mai ne. Zai kai kashi 12 cikin 100 na gudun haske, ya isa tauraron Barnard cikin shekara 50, ba mutum a ciki. Wani ɓangare mai yawa na man wani nau'in iskar hiliyom ne da kusan babu shi a duniya, har sai da suka ba da shawarar a je a tato shi daga iskar Jupita. A Disambar 2022 wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta yi nasarar samun makamashi daga haɗewar zarra fiye da wanda hasken leza ya zuba a kan ƙwayar man, kuma babban ci gaba ne. Sai dai wutar da na'urorin lezar suka sha daga layi ta ninka abin da aka samu kusan sau ɗari, kuma ginin ya kai girman filayen ƙwallo. Daga nan zuwa injin da zai yi shekaru yana aiki ba mai gyara, tafiya ce mai tsawo.

Na biyu shi ne abin da ake kira kishiyar sinadari, wanda in ya haɗu da sinadari na yau da kullum su biyun sukan ɓace su koma makamashi tsantsa. Giram ɗaya nasa da giram ɗaya na abokin karonsa za su ba da ƙarfin da ya kusa ninka bam ɗin Hiroshima sau uku. Babu man da ya fi shi. Amma ba a haƙo shi a ko'ina, ƙera shi ake yi, kuma duk abin da cibiyoyi irin su CERN suka taɓa samarwa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ajiye shi ma aiki ne, tunda bai kamata ya taɓa bangon mazubinsa ba.

Ko da an samu injin, akwai kuɗin da ba a yafewa, wato makamashi. Kilogiram ɗaya mai tafiya da kashi 10 cikin 100 na gudun haske yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na bam ɗin Hiroshima sau bakwai. Kumbo mai tan 1,000, wanda ƙarami ne ƙwarai ga mutanen da za su yi shekara arba'in a ciki, zai buƙaci kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da duniya duka take amfani da shi a shekara, wannan ma idan ba a yi asarar ko ɗigo ba. Sannan akwai abin da masu zumuɗi suke mantawa: tsayawa. Babu birki a sarari. Duk gudun da ka tara sai ka kashe daidai da shi ka sauke, kuma a lissafin Tsiolkovsky hakan yana nufin ninkin 20 ya koma ninki 400. Shi ya sa Daedalus ba a tsara shi ya tsaya ba, wucewa zai yi yana ɗaukar bayanai. Ga kuma ƙura. A wannan gudun, ƙwayar da nauyinta ya kai kashi ɗaya cikin dubu na giram za ta bugi kumbo da ƙarfin kilogiram ɗari na nakiya.

A 1960 masanin kimiyya Robert Bussard ya kawo dabarar kumbon da zai riƙa kwasar haidirojin da ke warwatse tsakanin taurari da wata raga ta maganaɗisu yana ƙonawa. Da aka bi lissafin, sai aka ga kwasar tana ja da baya fiye da yadda injin ke turawa gaba. Abin sha'awa, wannan aibin ya zama amfani, domin yanzu ana tunanin irin wannan raga ta maganaɗisu a matsayin birki.

Shi kuwa injin da ka ji an ce yana lanƙwasa sarari, asalinsa wata takarda ce da Miguel Alcubierre, masani ɗan Meziko, ya fitar a 1994. Ya nuna cewa lissafin Einstein bai hana a matse sarari a gaban kumbo a buɗe shi a baya ba. Amma domin a wuce gudun haske da shi ana buƙatar wani irin makamashi mai ƙasa da sifiri, da yawan da ba wanda ya san hanyar samunsa. Lissafi ne mai daraja, ba zanen inji ba ne. Akwai kuma EmDrive, wanda aka yi ta yayatawa cewa yana turi ba tare da jefa komai ba. Gwajin da aka yi a jami'ar Dresden ta Jamus, aka fitar da sakamakonsa a 2021, ya nuna zafi ne ke motsa ma'aunin.

Idan ka tambaye ni inda nake sa rai, sai in ce a rukuni na huɗu, a bar injin a gida. A 2016 aka sanar da shirin Breakthrough Starshot, da kuɗin attajiri Yuri Milner da goyon bayan Stephen Hawking. Tsarin shi ne kumbo mai nauyin 'yan giram, manne da mayafi na 'yan mitoci, a haska shi da tarin na'urorin leza masu ƙarfin gigawat 100, kwatankwacin wutar manyan tukwanen nukiliya ɗari, na 'yan mintuna, har ya kai kashi 20 cikin 100 na gudun haske. Cikin shekara ashirin da 'yan kai ya isa. Na fi yarda da wannan hanya saboda nauyi da tsada duk suna nan ƙasa inda za a iya gyara su, kuma in an gina lezar sau ɗaya za a iya harba ɗaruruwan kumbuna, wanda ƙura ta kashe wani ya wuce. Tura mutane kuwa, ban ga alamarsa a wannan ƙarni ba, kuma duk wanda ya ce maka ya kusa, ka nemi ya nuna maka lissafin makamashinsa da na tsayawarsa.

Ita ma hanyar lezar ba a gina ta ba tukuna, kuma ƙayoyinta sanannu ne. Mayafin dole ya mayar da kusan dukkan hasken da ya sauka a kansa, domin in ya sha ko ɗan kaɗan zai ƙone nan take. Dole ya zauna daram a tsakiyar hasken kada ya zame gefe. In ya isa ba zai tsaya ba, zai ratsa tazarar da ta kai ta tsakanin duniya da rana cikin minti 42, a ciki zai ɗauki hoton duniyar Proxima b, mai kewaya tauraron Proxima Centauri, da aka gano a 2016. Daga nan sai abin da ni a ganina ya fi duka wuya: na'urar da ba ta fi ƙwayar maɓalli ba, da wutar da ba ta kai ta ƙaramar tocila ba, ta saita duniya daga nisan kilomita tiriliyan 40 ta aiko da hoton, mu kuma mu gina madubin da zai tsince shi daga cikin hasken tauraron da ke bayansa, bayan ya yi shekara huɗu da wata uku a hanya.